Gwangwanin Wake a Gidan Owiti

A Asembo babu wanda zai rantse ya taɓa ganin Aoko a zaune. A tsaye take cin tuwo, a tsaye take tsince kifi. Ko a coci, inda aka tanadi benci don kowa, ita ce ke kai-komo tsakanin ƙofa da taga tana gyara abin da bai lalace ba. Mu ba ma kiranta Aoko. 'Yar Gem muke ce mata, yadda ake kiran kowace matar aure da garin da aka ɗauko ta, don kada ta manta baƙuwa ce ko da ta shekara hamsin.

Aji uku ta yi a makarantar garinsu. A shekara ta huɗu wata gwaggonta da ke Kisumu ta haihu, aka duba gidan aka ga Aoko ta fi kowa zafin nama, sai aka tura ta raino. Wata uku aka ce za ta yi. Ta yi shekara tara, ta raini yara huɗu, kowanne ta raka shi makaranta ta tsaya a bakin ƙofa har ya shige. Daga can Ogutu ya auro ta, ɗa na biyu a gidan Dattijo Owiti. Ya ajiye ta a ɗakinsa, ya koma Nairobi inda yake gadin wani shagon taya. Yana zuwa gida da Kirsimeti, da kuma duk lokacin da aka yi mutuwa. 'Yarsu ɗaya, Apondi. Aoko kuwa busassun ƙananan kifi take sayarwa a kasuwa, a kan wani faffaɗan faranti da ba ya sauka daga kanta sai in za ta auna.

Apondi ta shiga makaranta a zamanin sabon tsari, lokacin da malamai suka gano cewa iyaye ma suna da hannu bibbiyu. Yaro ya dawo gida da 'yar takarda: a yi abu kaza tare da iyaye, a kawo ranar kaza. Iyaye suka yi ta kuka, a kasuwa, a bakin tafki, har a gidan makoki. Wasu suka ce sun gama nasu karatun tun tuni, ga shi an mayar da su aji ɗaya ba tare da an tambaye su ba.

Aoko kaɗai ba ta yi kuka ba. Takardar da Turanci take zuwa, ni kuma maƙwabcinsu ne, tsohon akawun gidan waya, shinge ne kawai a tsakaninmu. Takan miƙo takardar ta saman shingen ta ce, "Akawu, yau me suka ce?" Kafin in kai ƙarshen layi ta bar wurin, ta tafi neman kayan aiki.

Da aka ce agogon kwali, nata har hannuwa yake da su na wayar keke, suna juyawa. Da aka ce murafan kwalba ɗari don koyon ƙirga, ta tara ɗari uku, ta wanke su da toka, ta jera wa Apondi su a tsakar gida goma-goma, suna ƙirgawa tare ita tana dama kunu. Mutum-mutumin korar tsuntsaye kuwa, kwat ɗin Ogutu na zuwa coci ta saka masa. Ya yi kyan da shugaban makaranta ya hana a dawo da shi, ya kafa shi a lambun makaranta. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da makaranta ta nemi wani abu, ta duba hannunta ta ga tana da shi.

Facalarta 'Yar Sakwa, matar Odera babban ɗan gidan da ke aiki a Mombasa, ba ta bari hakan ya wuce ba.

"Ke 'Yar Gem, wai ke ce a aji biyu ko yarinyar? A ɗinka miki rigar makaranta mana mu huta."

"A ɗinka, zan sa. Ke ko an tashi ɗinka miki, yadin kanti ba zai isa ba."

A takardar sakamako akwai akwatuna huɗu, daga sama zuwa ƙasa: ya wuce yadda ake so, ya kai, ya kusa, yana baya. Aoko ba ta iya karanta kalmomin ba, amma ta san akwatin sama, kuma a aikin gida alamar Apondi ba ta taɓa sauka daga cikinsa ba.

Wata Litinin a watan Fabrairu takarda ta zo ta saman shinge. Na karanta: yaro ya shuka wake a gwangwani, da ƙasa, da hannunsa, ya riƙa ba shi ruwa, a kawo ranar Juma'ar mako mai zuwa. Na gama, na ɗaga kai, sai na gan ta tana nan tsaye.

"Sake karantawa, Akawu."

Na sake.

"Da ƙasa suka ce?"

"Da ƙasa."

"Baba bai fitar da iri ba."

A gidan da ya san kansa, babu irin da ke taɓa ƙasa kafin mai gida ya shuka nasa. Shi ne farko, washegari babban ɗa, sannan mai bi masa. Wanda ya tsallake layi ya jawo chira, ramar nan da ke cin yaro har ya koma kamar kara, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Mu duka Kiristoci ne, da yawanmu mun yi boko, kuma babu wanda ya yarda da wannan magana. Babu kuma wanda ya taɓa gwadawa da nasa ɗan. Ga shi rani ne, ƙasa ta tsattsage, ruwa sai tsakiyar Maris in an yi sa'a, kuma Dattijo Owiti ba ya shuka sai ya ji ƙanshin hadari da hancinsa.

Ranar Talata Aoko ta bar farantin kifi wurin wata, ta tafi makaranta. Malama Ndinda 'yar Kitui ce, bara aka turo ta, yarinya mai kirki wadda ba ta san mu ba tukuna.

"Maman Apondi, gwangwani ne fa, ba gona ba."

"Ƙasa ce a ciki ko ba ƙasa ba?"

"Ƙasa ce."

"To."

Ta nemi a yarda su tsirar da waken a jiƙaƙƙiyar auduga. Malama ta ce darasin na ƙasa ne, auduga an wuce ta tun aji ɗaya. Ta nemi a ɗaga zuwa Maris. Malama ta buɗe littafin tsarin karatu ta nuna mata da yatsa cewa a Maris ana kan dabbobin gida. Sauran yara ba su da wannan damuwa. Wasu a ɗakin haya suke a bakin kasuwa, wasu dattijon gidansu ya mutu, wasu kuma iyayensu sun shuka sun yi shiru, suna kallon yaran ta wutsiyar ido.

Ranar Laraba ta sami uwar mijinta, 'Yar Uyoma, tana ɓarar gyaɗa.

"Mama, in muka je harabar coci muka shuka fa? Ai can ba gidan nan ba ne."

"Hannun wa zai shuka?"

"Na Apondi."

"Hannun na gidan wa ne?"

Aoko ta ɗauki tsintsiya ta share inda ba datti. Can ta ce, "To ki yi wa Baba magana ya fitar da iri."

Tsohuwa ta yi dariya har gyaɗa ta zube. "Ke, kin san fitar da iri ba iri kaɗai ba ne. Akwai abin da mai gida da matarsa ke yi tukuna. Sau ɗaya a shekara ma da ƙyar nake kai labari. Da wannan ƙugun nawa? Saboda gwangwanin madara?"

Ranar Alhamis ta kira Ogutu a waya. Muryarta da tasa ta cikin wayar suka tsallako shinge, don haka ban yi laɓe ba.

"Ki shuka a ɓoye mana," in ji shi. "Wa zai sani?"

"In yarinyar ta yi tari fa?"

Nan take Ogutu ya sauya magana.

"To kar ki shuka."

"Ka taimaka ƙwarai, baban Apondi. Allah ya tsare taya."

A kwanakin nan ta wanke gwangwanin, ta huda gindinsa da ƙusa, ta cika shi da baƙar ƙasa daga turken shanu. Ta ajiye shi a gindin gwanda, ta ɗauke ta kai bayan ɗaki, ta dawo da shi bakin ƙofa. Har ruwa take ba shi. Babu abin da ya rage sai wake, kuma waken yana ƙulle a bakin zanenta, ƙwaya uku. Kullum Apondi ta dawo da labari: na wance ya fito, na wane ya yi ganye biyu. Ba ta kuka, sai dai ta tsaya ta dubi gwangwanin, ta dubi uwarta, ta tafi cire rigar makaranta.

Ranar Asabar Aoko ta yi abin da matar ɗa ba ta cika yi ba, ta je wurin surukinta da kanta. Yana gindin mangwaro yana tufka igiya. Ta tsaya daga nesa, hannu a baya.

"Baba, na zo da magana."

"Na ga kin zo. Tun Litinin kike zagaya gidan nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Faɗi."

Ta faɗa. Ya san komai, domin a gidan babu wanda bai sani ba, amma ya bari ta kai ƙarshe.

"'Yar Gem, kin san Ochola na ƙetaren hanya? Shekara talatin bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Ni yake duba. In na shuka yau, gobe ya shuka, gida huɗu su bi shi. Irinsu ya ƙone a ƙasa, wa za a zaga?"

"Ba a gona ba, Baba. A gwangwani. A bayan rumbu, inda ba mai gani."

"Ni Owiti, in fitar da irin shekara a gwangwanin madara?"

"Akwai na man girki, ya fi girma."

Ya dube ta don ya ga ko wasa take. Ba wasa take ba.

"Baba, shekara tara ina kai 'ya'yan wasu ƙofar makaranta. Wannan tawa ce. Ban taɓa tura ta hannu wofi ba."

Tsoho ya ci gaba da tufka, har Aoko ta canza ƙafa sau uku. Sannan ya ƙwala wa jikarsa kira.

"Ke amaryata, ke ce za ki sa ni noma da rani?"

"Ba ni ba ce, Kaka. Malama ce."

"Malamar taki tana da miji?"

"Ban sani ba."

"Ki ce mata ina nan, kuma ina da shanu."

Ya yanke hukunci. Zai shuka, amma sai Litinin, don ba a shuka ranar Lahadi. Layi kuwa yana nan yadda yake: shi Litinin, ɗakin Odera Talata, ɗakin Ogutu Laraba. Game da ɗaya sashen na al'ada, ya ce gwangwani bai kai girman da za a tayar da kowa daga Mombasa ko Nairobi ba, a rataya rigar miji a ɗaki ta tsaya a madadinsa. Ya ce hukuncin ya shafi nasa ɗakin ma. 'Yar Uyoma ta ɗaga hannu sama ta sa wa gwangwani albarka.

Aoko ta ƙirga da yatsu. Laraba, Alhamis, Juma'a. Ta yi godiya. Wanda aka ba shi hannu ba ya cewa a ƙara masa da kafaɗa.

Ranar Litinin Dattijo Owiti ya sa hularsa ta malafa, ya zagaya bayan rumbu, ya yi addu'ar da yake yi a bakin gona ba tare da ya rage kalma ɗaya ba, ya tura wake uku cikin gwangwanin man girki. Ranar Talata ta 'Yar Sakwa ce, kuma ta san tata ce. Da safe kanta ke ciwo. Da rana tana wanki. Aoko ta kai mata gwangwani, ta kai mata wake, ta kai mata shayi.

"Ba sukari, ƙanwata?"

"Yaya, ki shuka."

"Ashe yau na zama yaya. Jiya yadin kanti ba zai ishe ni ba."

Sai da rana ta yi sanyi ta shuka, da yatsa ɗaya, tana hamma.

Ranar Laraba aka tashi rataya rigar Ogutu, sai aka tuna kwat ɗinsa yana lambun makaranta yana korar tsuntsaye. Aka rataya wata tsohuwar rigar gadi da ya bari, mai maɓalli ɗaya. Apondi ta kwance waken daga zanen uwarta, ta shuka da hannunta kafin ta tafi makaranta. Ba a tsallake kowa ba.

Wake bai san an yi masa wannan hidima ba. Ranar Alhamis Aoko ta kai gwangwanin rana, ta kai shi inuwa, ta ba shi ruwa mai ɗumi, ta kai shi kusa da murhu. Da yamma Apondi ta kama ta da tsinke tana ƙoƙarin leƙa ƙasa.

"Mama, Malama ta ce ba a tonowa."

"Ba tonowa nake ba. Gaisawa muke."

'Yar Sakwa ta leƙo ta ce na Baba ya fasa ƙasa, har wuya ya lanƙwaso. "Ki juye nasa a naki gwangwanin mana. Wake ai wake ne, ba ya da suna a goshi." Aoko ta je bayan rumbu ta tsaya a kan tsiron tsohon, ta daɗe tana kallonsa. Ta dawo hannu wofi. Ta ce yarinyar za ta sani.

Da safiyar Juma'a gwangwanin Apondi ƙasa ce zalla. Yarinyar ta sa riga, ta sa takalmi, ta zauna a dokin ƙofa ta ce ba za ta ba. Za a ce ba ta shuka ba. Aoko ta dube ta, ta juye kifin farantinta a buhu, ta nufi gindin mangwaro.

"Baba, a ara mini gwangwaninka da na Yaya. Zan kai wa Malama ta ga ba ƙin yi muka yi ba, layi muka bi."

"Inda irina ya je, can zan je," in ji tsoho. Ya aika a kawo masa sanda.

Haka suka fita. Apondi a gaba, Aoko da gwangwani uku a faranti a ka, Dattijo Owiti a baya da malafa, yana tafiya irin ta wanda ba a taɓa jira a banza ba. Aoko takan yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo, ta taka hanyar sau uku kafin su isa. Ochola yana bakin hanya da akuyarsa.

"Owiti, me nake gani haka?"

"Aikin makaranta ne."

"Haka ne," in ji Ochola. Ya dubi tsiron da kyau. Bai dubi sama ba.

Malama Ndinda ba ta taɓa karɓar aikin gida tare da kakan mai aikin ba. Ta ba shi kujerarta. Ta saurari Aoko, ta dubi gwangwanayen: ɗaya da tsiro mai lanƙwasasshen wuya, ɗaya ƙasarsa ta ɗan tsage, ɗaya shiru. Fuskarta ta yi haske irin na malamin da darasi ya faɗo masa daga sama. Ta jera su a kan tebur.

"Yara, ku duba da kyau. Wanne aka fara shukawa?"

"Na Kaka!" in ji aji duka.

"Madalla. Ta yaya kuka sani?"

Hannuwa arba'in suka tashi. Ta nuna wata yarinya a gaba.

"Don shi ne babba, Malama."

Malama ta ce a sake dubawa, a lura da tsayin tsiron. Aka sake dubawa, aka sake ba ta amsar. Dattijo Owiti ya gyaɗa kai, ya ce ashe makarantar nan ana koyar da wani abu.

Alama dai ba a ba wa ƙasa zalla. Malama ta ce gwangwanin Apondi ya zauna a tagar aji zuwa Litinin. In ya fito, za ta cike akwati. In bai fito ba, ita ma akwai wanda ke duba nata littafin.

Ranar Asabar Ochola ya shuka gonarsa duka, gida huɗu suka bi shi. Ruwa bai sauka ba sai ashirin ga Maris, kuma har yau ba ya amsa gaisuwar mutanen gidan Owiti. Amma a Asabar ɗin abin da ya dami Aoko daban ne: an kulle aji, ga rana, ga gwangwani a taga babu mai ba shi ruwa. Ta ɗaure ludayi a bakin sanda, ta ɗauki Apondi a kafaɗa, yarinyar ta zura sandar ta tsakanin ƙarafan taga ta zuba. Sau uku suka je ranar. Ranar Lahadi suka je kafin coci, ba komai. Ana tsakiyar wa'azi Aoko ta fice, ba wanda ya waiga don an saba. Ta dawo da gudu, ta ratsa benci huɗu, ta raɗa wa Apondi magana a kunne da ƙarfin da fasto ya tsaya ya ce, "Amin, 'Yar Gem."

Ranar Litinin da yamma takarda ta zo ta saman shinge. Ba ta ce in karanta ba, yatsa ta ɗora a kan alamar.

"Akawu, wannan ba akwatin sama ba ne."

"Na biyu ne. Ta kai yadda ake so. Malama ta rubuta cewa an makara."

Ta karɓi takardar, ta ƙirga akwatunan daga sama, ta sake ƙirgawa daga ƙasa. Ta waiga wajen gindin mangwaro, ta rage murya.

"Mu ne na uku a shuka, ga shi mun zo na biyu. Mun tsallake 'Yar Sakwa ke nan. Kada Baba ya ji."